Takardar da Ke Sa Mai Hukunci Ya Gyara Zama

Duk shekara, daga lokacin da gero ya nuna har zuwa ranar da hukuma za ta sanar da sakin gonaki, ƙasar Dakoro kan cika da ƙorafi. Garkuna na gangarowa daga arewa, daga wajen Bermo da Gadabeji, alhali manomi bai gama ɗaure dammansa ba. Wani ya shuka wake a tsakiyar burtali, wani garke ya kwana a gonar da ba a girbe ba, wata rijiya da aka daɗe ana shayarwa a bakinta an wayi gari gonaki sun yi mata zobe. Galibin irin waɗannan rigingimu a baki ake kashe su, a ƙofar maigari ko a gaban arɗo, a sha fura a watse. Wadda ta ƙi mutuwa a nan kuwa sai ta hau takarda, kuma daga ranar da ta hau, ƙarfin murya da yawan dangi sun rage tasiri. Wanda zai yanke hukunci wataƙila bai taɓa taka gonar ba, bai san rijiyar ba. Shafi ɗaya ne a gabansa, cikin tarin wasu.

Ba banza takarda ta yi nauyi haka a wannan yanki ba. Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, gari ne da ya girma a kewayen ofishin mulkin da Faransawa suka buɗe a 1947, kuma yana zaune daidai inda noma da kiwo ke gogayya. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya ƙetare ba ta arewa, a nan kuma kwarin Tarka ne alamarta. Yawan jama'a da ƙarancin ƙasa sun sa gonaki sun haye ta tuntuni. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo da kwamitocin ƙasa, waɗanda kowa ke kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma, sannan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara fayyace haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa da isa ga ruwa. A wannan tsari, rigimar ƙasa ba ta zuwa gaban alƙali sai ta bi ta hannun sarakunan gargajiya, sun gwada sulhu, an rubuta cewa an sasanta ko an kasa. Ke nan mutumin da bai taɓa zama a lakwal ba, gadon kakansa na iya rataya a kan yadda wani ya jera masa jimla goma.

Masu jerawar iri-iri ne. Akwai tsohon mushe, wato malamin lakwal, akwai sakataren ƙungiyar makiyaya ko ta manoma, akwai malamin zaure mai rubuta wa maigari da ajami, akwai ɗan kwaleji da aka kira saboda shi ne mai Faransanci a gidan, akwai kuma wanda ya mai da abin sana'a, da teburinsa da bik da tambur. Yawancinsu suna rubuta takardar da za a karɓa, a buga mata hatimi, a ajiye. Kaɗan ne ke rubuta wadda mai hukunci zai kai tsakiyarta ya gyara zama, ya koma farko. Waɗannan nake jinjina wa, domin abin da ke hannunsu ilimi ne mai ƙa'ida, ana koyonsa, ko da wasunsu ba su taɓa jin sunansa ba.

Gwani ba ya saurin ɗaukar alƙalami. Mai koke ya zo da zuciya a wuya, zai faro tun daga zamanin kakanni, ya bi ta kan auren da ya mutu tsakanin gidajen biyu, ya zagi wanda zai zaga. Gwani ya bar shi ya zazzage duka, sai can ya fara tambaya a hankali. "Baba, rijiyar nan wa ya gina ta? A zamanin wane sarki? Cikin waɗanda suka gani wa ke da rai?" "Ranar da shanun suka shiga, kafin kasuwa ne ko bayanta?" Sannan tambayar da ta fi kowace wuya: "To Baba, in an ce ka faɗi abu guda da kake so a yi, mene ne?" Sau da yawa a nan dattijo kan yi shiru, don ɓacin rai ya kawo, bai kawo buƙata ba. Wanda ya ce a yi masa adalci bai ba mai hukunci aikin yi ba. Wanda ya ce a turo Kofo su auna burtalin su kafa alamomi kafin faɗuwar ruwa, ya ajiye masa abin da zai iya sa wa hannu gobe da safe.

Malaman zaure suna kiran wannan fanni na tsara magana balaga, kuma ma'aunin da suka ba ta shi ne magana ta dace da halin da ake ciki da halin wanda ake yi wa ita. Sun raba ta uku: ma'ani, mai duba ginin jimla, me za a gabatar, me za a jinkirta, ina za a taƙaita, ina za a faɗaɗa, bayani, mai duba kamance da aron kalma da kinaya, sai badi'i, mai duba adon lafazi. Wani darasi na farko-farkon ma'ani shi na fi ganin amfaninsa a ƙofar ofis. Ya kasa masu sauraro gida uku. Akwai wanda bai san komai a kan zancen ba, zuciyarsa fayau, shi a gaya masa kai tsaye: "Shanu sun shiga gonar ranar Talata." Akwai mai kokwanto, a ƙarfafa masa kaɗan: "Lalle shanu sun shiga gonar, maigari ya je ya gani." Akwai kuma mai musu, wanda ya riga ya ji daga ɗaya ɓangaren ya gamsu. Shi kaɗai ake tara wa ƙarfafawa, da shaidu da sunayensu, har da rantsuwa in ta kama.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun koke shi ne a yi wa na farko maganar na uku. Perefe, shugaban gunduma, bai ce ƙarya kake ba, bai ma san da zancen ba, amma layin farko ya buɗe da rantse-rantse da "kowa ya sani" da "ba shakka". Sai mutum ya fara tambayar kansa me ya sa wannan ke rantsuwa tun ba a tuhume shi ba.

Littattafan da ke ɗauke da wannan darasi sun daɗe a ƙasar nan. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ahalari, ɗan littafin tsarki da salla. Marubucinsa, Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau a ƙarni na 16, shi ne kuma ya waƙe ƙa'idojin balaga a Jauharul Maknun. Sama da shi akwai Uƙudul Juman na Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, baiti wajen dubu, kuma su biyun daga Talhisul Miftahi na Ƙazwini suka ɗebo. Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya zo lissafa abin da ya karanta a hannun malamansa a Ida'un Nusuhi, bai bar littattafan balaga a baya ba. Shi kansa Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina yana jan kunnensu kan adalci, ƙasar Dakoro kuwa tsakanin biranen nan biyu take. Rubuta wa mai mulki don a karkato da shi ba Nasara ya zo da shi ba.

Sai dai a ganina almajirai da yawa sun ba badi'i fiye da rabonsa, don shi ne mai daɗin kunne. Wanda ya sha Maƙamatul Hariri yakan fito da ƙaunar jimla mai amsa-amo, kuma a wa'azi ko a waƙa wannan abin so ne. Takardar koke kuwa guga ce a rijiya mai zurfi irin ta arewacin Dakoro: duk abin da ka rataya mata na ado nauyi ne ga mai ja, ruwan da ta ɗebo kaɗai ake sha.

Haka batun gaisuwa. A fada, wanda ya shiga magana bai ce "Allah ya ja zamanin sarki" ba ya riga ya ɓata wa kansa, kuma takardar da za a karanta a gaban sarkin Kornaka ko na Birnin Lalle dole ta ba sarauta haƙƙinta, ta nuna mai koke talaka ne da ya zo neman inuwa. Karin magana guda, in ya faɗi daidai, na iya kashe bakin taro a can. A ofis layi ɗaya na girmamawa ya isa, na biyu ya faɗi abin da ake nema. Gwani na iya rubuta koke ɗaya sau biyu a yini guda, ɗaya zuwa fada, ɗaya zuwa ofis, gaskiyar ciki ba ta motsa ba amma babu jimlar da ta maimaitu. Habaici kuwa, duk daɗinsa a bakin kasuwa, ba ya barinsa ya hau takarda, domin takarda na daɗewa, kuma wanda aka yi wa habaicin wata rana za a karanta masa.

Ga misalin da na ƙaga don a ga bambancin. Mai zafin rai zai ce a rubuta: manoman ƙauyen nan azzalumai ne, sun cinye burtali, ba sa tsoron Allah, in ba a yi wani abu ba duk abin da ya faru su suka ja. Gwani zai rubuta: burtalin da ke bi ta gabashin ƙauyen zuwa rijiya hanyarmu ce tun zamanin iyayenmu, dattawan ƙauyen ma sun san haka. Bana an shuka wajen taki ɗari na tsawonsa. Mun san ƙasa ta yi wa maƙwabtanmu kaɗan, mun kuma san bara wasu dabbobinmu sun yi ɓarna, an kimanta, mun biya. Ba mu neman a tumɓuke shukar kowa. Muna roƙon a turo kwamiti bayan girbi ya maido da iyakar, don kada baɗi mu zo muna neman hanya ta cikin gonar mutane. Ta farko barazana ce, ta tilasta wa mai hukunci ya zaɓi ɓangare. Ta biyu ta buɗe masa hanyar da zai bi bai kunyata kowa ba, ta kuma sa ya hango rikicin baɗi tun yau, rikicin da a kansa zai faɗo.

Mai koke kan yi tsalle in ya ji an sa zancen ɓarnar bara: "Haba Malam, ai ka miƙa musu wuƙa!" Amma ita ce ginshiƙin takardar. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, Aristotal na Girka, a littafinsa kan fasahar jawabi wanda Ibn Rushd ya yi wa sharhi da Larabci daga baya, ya ƙidaya abu uku da ke gamsar da mutum: hujjar da aka kawo, halin da aka sa zuciyar mai sauraro, da yardar da ya yi da mai maganar. A baki, yarda na zuwa daga fuska da furfura da sanin asali. A takarda babu ko ɗaya. Abin da ke nuna wa baƙo cewa kai mai gaskiya ne shi ne ya ga ka faɗi abin da ba ya taimakonka, tun kafin abokin shari'arka ya faɗa. In shi ya zo faɗa daga baya, ya tarar labarin ya tsufa.

Mafi girman darasi a kan wannan a tarihinmu yana cikin wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Borno, wanda ake kira Shehu Laminu, da shugabannin jihadin Sakkwato, musamman Muhammadu Bello, a shekarun da suka biyo bayan cin Birnin Gazargamu a 1808. Al-Kanemi bai buɗe da zagi ba. Tambaya ya yi, a gaya masa dalilin yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai. Sannan ya ɗauko zarge-zargen da ake yi wa Borno da kansa ya jera su, cin hanci, cin dukiyar maraya, zalunci a shari'a, fitar mata ba lulluɓi, bai musa aukuwarsu ba. Hujjarsa ita ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuma ba kafirci ba ne, in kuwa kafirci ne to Masar da Sham ma ba su tsira ba. Ya girmama Shehu Usmanu da littattafansa, ya kuma juya su suka zama shaidarsa, yana nuna cewa abin da mabiya ke yi a fagen fama bai yi daidai da abin da malaminsu ya rubuta ba. Ya karɓi mudun abokin gardamarsa ya auna shi da shi, kuma ban san dabarar da ta fi wannan kaifi ba.

Bello ma bai kauce ba. Ya matsar da gardamar daga kan saɓo zuwa kan goyon baya: a ganinsa, sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, a kan wannan ya gina hukuncinsa. Mai karatu na iya karkata inda ya ga dama, malamai ma ba su daina tattauna wanda ya fi hujja ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kalaman al-Kanemi mun same su ne a cikin littafin Bello kansa, Infaƙul Maisuri na 1812. Ya kwafe hujjar da ta fi kowace cizonsa, ya ba ta masauki a gidansa, sannan ya amsa. Marubucin da ke tsoron a ji ɗaya ɓangaren ba ya yin haka.

Wasiƙun ba su kashe wutar ba, an ci gaba da gwabzawa shekaru. Mu a jihar Maraɗi mun fi kowa sanin iyakar alƙalami, tunda Maraɗi da Tibiri mazaunin Katsinawa da Gobirawan da ba su karɓi hujjar Sakkwato ba ne, ta takarda ko ta takobi. Lallashi ba ya cin kowa da kowa. Wanda bai gama yanke shawara ba yake ci, kuma mai hukunci, kafin ya kai ƙarshen shafi, irin wannan mutum ne.

Lakwal ma na koyar da wani yanki na sana'ar. Ɗan lise da ke shirin jarrabawar Bak ana horar da shi ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, sannan ya haɗa su, horo mai kyau ga wanda ya ɗauke shi da gaske. Sai dai yaro kan koyi ƙirar ba tare da ya taɓa rubuta wa mutumin da zai iya ce masa a'a ba, maki kawai yake nema. Sai ya fito da dogayen jimlolin girmamawa na Faransanci da aka haddace, su buɗe masa takardar buƙata su rufe, tsakiyar kuwa fanko. Wanda ya zauna a fada yana sauraron yadda liman ko wani dattijo ke maimaita maganar mai ƙara cikin lafazin da wanda ake ƙara zai iya haɗiyewa ya fi shi kusa da sana'ar, ko da rubutun hannunsa bai kai nasa kyau ba.

Koyon ba asiri ba ne, juriya yake so. Mai koyo kan fara da kwafar tsofaffin takardun da suka yi nasara, yana tambayar kansa me ya sa wannan jimla ta riga waccan. Yakan rubuta ya karanta da ƙarfi, domin kunnen Bahaushe ya fi idonsa saurin kama maganar da ke ɗingishi, kuma inda numfashi ya yanke, jimla ta yi tsawo. Yakan soke zagi da yabo ya bar abin da aka yi da adadi da rana: "mugun manomi" ba ya tabbatar da komai, "taki ɗari" ana iya zuwa a auna. In da hali yakan bar takardar ta kwana, don abin da fushi ya rubuta da dare safiya kan goge rabinsa. Mataki mafi wuya shi ne ya zauna ya tsara a ransa takardar da ɗaya ɓangaren zai kawo, da dukan ƙarfinta. In ya kasa, bai shirya rubuta tasa ba.

Akwai masu cewa wannan duk wayo ne, hanyar mai da ƙarya gaskiya. Ba a rasa masu yin haka, kuma mai baki na iya cin mai gaskiya a zama ɗaya. Amma a gari irin Dakoro, inda marubuci da mai koke da wanda ake ƙara za su haɗu a kasuwa ɗaya da jana'iza ɗaya, jarin marubuci shi ne a san takardarsa ba ta ɗaukar abin da zai rushe in an je an duba. Shi ya sa in ya gama yakan karanta wa mai koke duka, in da Faransanci ya rubuta ya mayar masa da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek jimla-jimla, ya tambaye shi: "Baba, akwai abin da ba za ka iya dafa Alƙur'ani a kansa ba?" In akwai, a cire.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki, ana iya sa ran takardun koke da Hausa za su ƙaru. Amma sauya harshe ba ya koya wa kowa tsara hujja. Saƙon murya na WhatsApp da ya cika wayoyi ya isa shaida: doguwar Hausa tsantsa, ka saurara har ƙarshe ba ka san abin da ake so ka yi ba. Da za a ji tawa, da darasin masu sauraro uku ya shiga azuzuwan yaƙi da jahilci da na kwaleji, da Hausa, da misalan burtali da rijiya.

Aikin kuma ba ya ƙarewa da jimlar ƙarshe. Gwani zai sa rana da wuri, mai koke ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya a tabbatar an shigar da ita rajistar ofis an ba da lamba, ɗayar ta koma gida cikin leda saboda gara da ruwan sama. Zai ce wa mai ita ya dawo bayan kasuwa biyu ko uku. In shiru ne sai a rubuta ta biyu, wadda ba ta maimaita labarin, ba ta kuma nuna fushi. Ta ambaci lambar ta farko da ranar da aka karɓe ta, ta tuna cewa damina na matsowa, ta tsaya a layi biyar.